Malam Gana da Shafi na Goma Sha Huɗu

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu, Malam Yunusa Gana ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kokonsa a zaure, ya turo tsohon babur ɗinsa waje, ya kama hanyar bakin kogi, duk da cewa kwalta ta fi kusa da makaranta. A daidai wannan lokacin ne manoman rani suke tayar da injinan ban-ruwa, shi kuwa yana son jin kukansu. In ya ji wani inji yana tari ko yana shaƙewa, sai ya tsaya ya yi sallama, ya nemi izinin mai shi, ya ɗauki sautin a wayarsa. Kafin ya wuce zai gaya wa mutumin inda ciwon yake, ko fulogi ne, ko iska ce ke shiga ta bakin tiyo. Sautin nan kuma shi ne zai zama tambayar da ɗalibai za su kwana biyu suna musu a kai: me ke damun wannan injin?

Bakwai saura kwata yake buɗe ɗakin gwaji na sashenmu. Ya share, ya mayar da kowace sifana gurbinta, ya duba batirin solar da ya haɗa da hannunsa don ɗalibai su samu wurin caji. Kafin takwas za ka tarar da su a ƙofa, kowa riƙe da waya, yana tura musu bidiyon ranar ta bulutut. Wanda wayarsa ƙarama ce ya miƙa memori a zuba masa.

Shekara talatin da biyar ya yi a wannan ɗakin, a wata kwalejin fasaha da ke nan Haɗeja, watan jiya ya yi ritaya. A takardun makaranta ba a taɓa rubuta shi malami ba. Mai kula da ɗakin gwaji ne, aikinsa ya buɗe, ya rufe, ya miƙa kayan aiki, ya karɓa. Ni kuwa, Abdulmannan, ni ne shugaban sashen koyar da aikin injiniyan noma da ban-ruwa, wato mai gidansa a wurin aiki. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin abin da zan faɗa a nan laifina ne, ba nata ba. Kuma gara in faɗa tun yanzu: cikin duk waɗanda suka san Malam Gana, ni ne wanda bai cancanci rubuta masa jinjina ba. Na daɗe ina jiran wani ya rubuta. Da na ga ba wanda ya san labarin gaba ɗaya sai ni, na haƙura na ɗauki alƙalami.

Abin ya faro ne daga wani ɗalibi mai suna Adam, ɗan Kaugama, wanda sanƙarau ya taɓa masa kunne tun yana ƙarami. Adam yakan zauna a sahun gaba yana karanta leɓen malami. Mu kuwa malamai, rabin bayaninmu muna yin sa ne fuskarmu na kallon allo. Zangon farko ya faɗi darasi huɗu, muka ce ba shi da ƙoƙari. Malam Gana ne ya lura cewa yaron nan, in aka ba shi inji a hannu, ba wanda yake riga shi gano matsala. Adam da kansa ya rubuto mini yadda aka yi. Ya ce wata Asabar Malam Gana ya jingina wayarsa a jikin gwangwanin man inji, ya kwance injin ban-ruwa ɗaya bayan ɗaya a gabanta. Duk abin da ya ciro sai ya ɗaga wani kwali da ya rubuta sunansa da aikinsa, da Hausa da Turanci. Kwalayen indomi ne ya yayyanka. Daga baya ne ya koyi manhajar da ke sa rubutu a ƙasan bidiyo, yana da shekara hamsin da wani abu, yana danna waya da yatsa ɗaya.

Bidiyon Adam bai tsaya a wayar Adam ba. Ɗalibai mata suka nema. Ashe su ma shekara da shekaru ba sa ganin komai a ɗakin gwaji, domin inji ɗaya ne, maza sun zagaye shi, su kuwa ba za su kutsa cikin maza ba, sai su tsaya a baya suna kwafar abin da aka ce an gani. Ban taɓa lura ba. A waya kowace ta samu sahun gaba, ta tsayar, ta mayar baya, ta sake kallo yadda take so. Sai kuma yaran da iyayensu suka taso daga wajen tafkin Cadi, waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba balle Turanci. Malam Gana, da yake asalinsa can ne, ya fara ɗora murya da Barbarci. Maiɗakinsa Ya Gumsu ce ke saurare tana gyara masa, don ta ce zaman Haɗeja ya gurɓata masa harshe. Ya roƙi wata ɗaliba ta yi na Fulatanci. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta daga sito, ya tayar da ita, ya sa mata manhajar da ke nuna yadda ruwa ke gudu a cikin bututu: ka rage faɗin bututun, ka ga abin da zai faru a kan allo nan take. Akwai kuma magidanta 'yan ajin ƙarshen mako, makanikai da suka fi mu sanin inji amma lissafi ke ba su kunya. Su sai ya juya musu wayar, ya ce su yi bayani. Mutumin da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya wayi gari yara suna tare shi a hanya suna cewa sun gane daga bidiyonsa.

Kai ne, Malam Gana, ka kalli aji ka ga mutum arba'in daban-daban, a lokacin da mu muke ganin kai arba'in. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya tura ka kwas. Gwanin hannu, mai sanyin baki, ka yi aikin da yake namu ne, kana yi kana ba mu haƙuri kamar kai ne ka shiga gonar wani.

Mu me muka yi? A ɗakin malamai muka sa masa suna Darakta, wai ɗan fim. Ni na ƙirƙiro sunan. In ya shigo kawo makulli sai wani ya tambaye shi yaushe sabon fim zai fito, a yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ajiye makulli ya fita.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan kaina a ƙasa.

Ni ƙasa da magudanan ruwa na karanta, ba injina ba. Shekarar da na kama aiki malamin da ke koyar da darasin injinan ban-ruwa ya rasu, aka miƙa mini darasin tare da takardunsa. Na karɓa, na haddace, na yi ta koyarwa shekara tara. A shafi na goma sha huɗu akwai wani misali da ke cewa injin da aka ajiye a bakin rijiya zai iya zuƙo ruwa daga zurfin mita goma sha biyu ko fiye, muddin yana da ƙarfi sosai. Ban taɓa gwadawa ba. Gaskiyar magana, ban taɓa tayar da injin ban-ruwa da hannuna ba.

Shekara shida da suka wuce, ina tsakiyar wannan misalin, wata ɗaliba 'yar Miga mai suna Mardiyya ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai shiru, ban ma san muryarta ba. Ta miƙe ta ce, “Malam, a yi mini afuwa. A bidiyon Malam Gana ruwan bai wuce mita takwas ba. An kawo babban inji, shi ma a nan ya tsaya.”

Da na ce mata zan duba, da shi ke nan. Sai na ajiye alli na ce, “Tsakanin ni da mai share ɗakin gwaji, wane ne injiniya?”

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ɗalibai ke yi don malami ya ga sun yi. Mardiyya ta zauna, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Na ƙara da cewa wanda yake son ya ci jarrabawata ya karanta takarduna, wanda yake son kallon fim ya tafi gidan kallo.

Maganar ta riga ni isa ɗakin gwaji. Bayan azahar Malam Gana ya yi sallama a ofishina, ya shigo ya tura ƙofa a hankali, bai zauna ba. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, amma hularsa na hannunsa. Bai ambaci abin da na kira shi ba. Ya ce, “Injiniya, akwai kuskure a shafi na goma sha huɗu. Ba kai ka rubuta ba, wanda ya rubuta Allah ya jiƙansa. Ka gyara kawai, daga ni sai kai. Yarinyar nan kuma kada a riƙe ta.”

Na nuna masa ƙofa. Washegari na rubuta masa takardar tuhuma, cewa yana koyar da abin da ba huruminsa ba yana rikita ɗalibai, na kuma hana shiga ɗakin gwaji da waya. Amsarsa layi biyu ce: ya karɓa, yana neman afuwa. Sanarwar hanin ma shi ya manna ta a ƙofa da kansa, ya daidaita ta don kada ta karkace.

A jarrabawa na kawo tambayar. Ɗalibai talatin da tara suka rubuto mini shafi na goma sha huɗu. Mardiyya ta rubuta abin da ta gani, har da zane. Na soke. Maki uku suka hana ta cin darasin, kuma darasi ne da ba a wuce aji sai da shi. Da aka dawo hutu kujerarta ba kowa. Na lura, na kuma ce wa kaina ba ruwana.

Ina da 'yar gona a gefen fadama, ta wajen tudu, inda nake shinkafar rani. A watan Afrilun shekarar ruwan ƙasa ya ja sosai, ƙaramar rijiyar burtsatsen gonar ta daina ba da ruwa. Injin na kuka, tiyo a bushe. Na yi abin da na koyar: na nemo babban inji, na tsaya a kai aka haɗa. Ya yi ta ruri har hayaƙi, ko ɗigo. Shinkafa ta fara naɗe ganye. Kwana uku ina wannan, maƙwabcin gonata, wani dattijo mai suna Bakari wanda bai taɓa shiga aji ba, ya tsallako da shebur a kafaɗa. Ya ce in ba zan ji haushi ba, a haƙa rami a gefen rijiyar a saukar da injin ƙasa, ya matso kusa da ruwan. Muka haƙa kamar tsayin mutum. Ya ce a mayar da ƙaramin injina na da. Ja biyu, ruwa ya ɓalle.

Muna zaune a bakin rami yana wanke ƙafa, ya ce su tun iyayensu sun san a yi haka, amma ba su san dalili ba sai da wani malami na makarantarmu ya bayyana. Ya laluba aljihu ya ciro waya mai fasasshen gilashi, ya ce ai Injiniya ya fi shi sanin wannan, amma bari ya nuna mini don daɗinsa.

A nan, cikin taɓo, na fara kallon bidiyon Malam Gana. An ɗaure inji da igiya an hau da shi can saman hasumiyar tankin makaranta. Farin tiyo mai nuna ciki ya sauko har cikin duro a ƙasa, an yi masa alama da jan fenti a kowace mita. Aka tayar. Ruwa ya hau, ya hau, ya zo wajen alama ta takwas ya tsaya yana rawa. Aka sauya babban inji, ya tsaya a wuri ɗaya. Sai muryarsa, a natse, tana cewa inji ba ya jawo ruwa, iska yake cirewa daga tiyo, nauyin iskar waje ne ke danna ruwan ya hau, kuma nauyin iska yana da iyaka, ko injin jirgi ka kawo. Minti huɗu ne duka. Bakari yana ta gyaɗa kai yana kallon fuskata don ya ga ko na yaba. Na ce masa lallai malamin ya iya bayani. Ban iya cin abinci ba ranar.

Da a ce daga gona na wuce gidansa, da labarin nan ya yi kyau. Ban je ba. Na gyara shafin a ɓoye, na sake buga takardun, ban ce wa kowa komai ba. Sanarwar ƙofa ban cire ta ba, na dai daina kallon wajen. Makin Mardiyya ban taɓa ba, domin gyara shi yana nufin in rubuta wa hukumar makaranta dalili. In mun haɗu da Malam Gana a baranda sai in ciro waya kamar ana kira na.

Abin da shi yake yi a wannan lokacin sai daga baya na ji. Bai karya dokata ba ko sau ɗaya. Ya mayar da ɗaukar bidiyo zauren gidansa da bakin kogi, ranakun Asabar. Inuwa, direban da ke jigila tsakanin Haɗeja da Miga, ya gaya mini cewa duk sati biyu Malam Gana zai tare shi a tasha da memori a naɗe cikin takarda, ya ce a kai gidan su Mardiyya, a karɓo na baya. Ba darasin injinan ban-ruwa kaɗai ba, har na sauran malamai, yakan ari littafin ɗalibai ya ɗauki hoton kowane shafi. Sau uku kuma ya hau motar da kansa ya je ya zauna da mahaifinta. Bayan shekara guda ta dawo. Ta sake zama a ajina, can sahun baya. A jarrabawa ta rubuta amsar da ta rubuta a da, kalma da kalma, da zanen. Na ba ta cikakken maki. Ban ɗaga kai na dube ta ba har ta gama makarantar.

Sai shekarar da kogi ya cika ya yanke hanyoyi, aka rufe makaranta makonni, ɗalibanmu na ƙauyuka wasu suna zaune a makarantun firamare da iyayensu. Sauran sassa karatu ya tsaya cak. Namu bai tsaya ba. Memorin Malam Gana ya yi ta yawo a aljihun masu kwale-kwale, yana tura tambayoyi ta waya, suna amsawa da murya, kowa da harshen da ya fi masa sauƙi. Da ruwa ya janye, baƙi masu duba ingancin karatu suka zo, suka ga bidiyo sama da ɗari biyu, suka yi ta yabo, suka tambayi wanda ya kawo wannan tsarin. Na ce mu ne, ƙoƙarin sashe ne. Yana tsaye a bayana riƙe da makullai.

Ranar walimar ritayarsa ni aka ba jawabi. Na yabi zuwansa aiki da wuri, na yabi tsabtarsa da biyayyarsa, na zauna aka tafa. Daga nan aka ce ko cikin tsofaffin ɗalibai akwai mai magana. Mardiyya ta miƙe. Yanzu ita ke kula da harkar ban-ruwa ta wata ƙungiyar mata manoma a wajen Miga. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta kalli inda nake ba. Ta ce akwai shekarar da ta bar karatu, ta rantse ba za ta koma ba, mahaifinta ma ya goyi bayanta. Ta ce tana bayan ƙofa ta ji abin da Malam Gana ya gaya masa: “In yarinyar nan ta zauna a gida, darasin da za ta riƙe shi ne faɗin gaskiya ke korar mutum. Wannan ya fi duk wani kuskuren littafi muni.” Ta ce kuma ya ɗora mata sharaɗi ɗaya, kada ta taɓa faɗin mummunar magana a kan malaminta. Rabin mutanen da ke zauren sun san wane malami ne. Ba wanda ya juyo. Da sun juyo da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, na yi sallama a ƙofar gidansa. Na same shi a zaure ya baje wani famfon sola da wani manomi ya kawo masa. Ya Gumsu ta aiko da ruwa. Na zauna a ƙasa, ya ce in hau tabarma, na ƙi. Na faɗa masa komai, har labarin Bakari da ramin, har abin da na ce wa baƙi. Na ce masa, Baba, ka yafe mini. Ban taɓa kiran sa da wannan sunan ba.

Ya daɗe yana juya wani ƙaramin noti a hannunsa. Na zaci zai ce ba komai, kamar yadda ya saba. Sai ya ce shi ma yana da abin da ke hana shi sakewa. Ashe shekarar da na zo, shi aka ba takardun marigayin ya buga a kwamfuta. Ya ga kuskuren tun a ranar.

Ya ce, “Na ce wane ni in gyara wa mai digiri. Shekara tara ina kallo. Da na gaji, maimakon in zo in same ka, sai na yi bidiyo, ina fatan ya iso gare ka ta bayan gida. Na aiki yarinya da saƙon da ya kamata in kai da ƙafata, ita ta sha dukan. Kai girman kai ya hana ka, ni kunya ta hana ni. Ban san wanne ya fi ba.”

Na zo a yafe mini, ga shi ana raba laifin da ni.

Ya ce shi ya yafe tuntuni, amma akwai biyu da ba nasa ba ne balle ya yafe. Na farko yana Miga. Na biyu kuma sai ya tambaye ni ɗalibai nawa suka fita daga hannuna da shafin nan a kansu. Na yi lissafi a zuci, sun haura ɗari uku. Ya ce to suna nan cikin duniya suna ba mutane shawara.

Na je Miga ranar Asabar. Na tarar da Mardiyya a fadama tare da matan ƙungiyarsu, ana gwada sabon layin bututu. Ta gaishe ni da ladabi kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni a gaban matan, ban ja ta gefe ba, tunda a gaban mutane na yi mata. Ta ce, “Na yafe, Malam. Faɗuwar ba ta dame ni kamar shekarar da na dawo ba. Kullum ina jira ka kira sunana ko sau ɗaya, ko da a rajista ne. Kakan tsallake.” Gaskiya ta faɗa. Nakan sa mata alama ba tare da na furta ba.

Na biyun a zaurensa muka yi. Ya riƙe waya, na tsaya na faɗi sunana, na ce shekara tara na koyar da kuskure, ga kuskuren, ga daidai, ga wanda ya gano, ga ɗalibar da ta faɗa mini na ci mutuncinta. Sau biyar muna sakewa. Aka tura wa tsofaffin ɗalibai. Amsoshi suka yi ta shigowa, yawanci na addu'a. Ɗaya daga ciki har yau ban share ba. Wani ya rubuto cewa shekara huɗu da suka wuce ya sa kawunsa ya rabu da ƙaramin injinsa ya nemo babba, albasar ta ƙone duk da haka, kuma tun ranar kawun bai sake tambayarsa komai ba. Ya ce yanzu ya gane. Bai zage ni ba. Ni dai na nemi lambar kawun.

Malam Gana, kai ne malamin sashen nan, ko takarda ta rubuta ko ba ta rubuta ba. Kai ne ka buɗe ƙofa ga wanda ba ya ji, da wadda aka bari a baya, da wanda harshe ya tsare, da magidancin da lissafi ya kunyata. Ka riƙe mutuncina shekara shida a lokacin da ni nake taka naka. Na gode. Sashenmu ya gode, duk da ya makara. Manoman bakin kogi da ba su san fuskarka ba, muryarka kawai suka sani, su ma sun gode. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya saka wa Ya Gumsu da alheri, ya sa abin da ka shuka ya zame maka sadaka mai gudana.

Ga 'yan'uwana malamai, ba na cewa kowa ya zama mai ɗaukar bidiyo. Waya tana aljihun kowa, ba ita ce ta yi aikin ba. Mutumin ya tsaya ne ya duba wa aka bari a baya, sannan ya nemi abin da zai kai masa. Ku yi koyi da wannan. Kuma a kowace makaranta akwai irinsa, yana ɗakin gwaji ko sito ko gareji, ya san inda littafinku ya karkace, yana jin nauyin faɗa. Kada ku jira walimar ritayarsa. Ku je ku same shi ranar Litinin, ku zauna, ku tambaye shi.

Ni dai yanzu duk Asabar ina zauren Baba Gana da littafi da biro. Makon jiya ya sa na kwance inji na mayar da hannuna, karo na farko a rayuwata. Noti biyu suka rage a ƙasa. Ya dube su, ya dube ni, ya ce in sake daga farko.